Waƙa Ba Ta Cika Sai Da Amshi

Abokai sukan tambaye ni, idan suka ga tsofaffin faya-fayai jere a ɗakina, me Bahaushe zai tsinta a waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda aka yi yana rarrafe ko ma ba a haife shi ba, cikin Turancin da ko mai digiri ba kowace kalma yake kamawa ba. Nakan ce musu iyayenmu mata sun daɗe suna zubar da hawaye a kan waƙoƙin finafinan Indiya, alhali ba su san kalma goma ta Indiyanci ba. Kunne yana da hanyarsa ta fahimta, kuma ba ta cikin ƙamus ta bi ba. Sai dai wannan amsa ce ta tsaye a bakin ƙofa. Ta zaune ta fi haka tsawo, domin kiɗan soul ya koya mini abubuwa a kan sauraro, da aiki, da haƙƙi, da yadda mutum zai miƙa wa wani abin da yake ƙauna ba tare da ya gundure shi ba.

Soul kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka fito da shi daga tsakiyar shekarun 1950, ya yi tashe har tsakiyar shekarun 1970. Sun ɗauko salon waƙar coci, mai ɗaga murya da tafi da amshi, suka haɗa shi da kiɗan rawa, suka ɗora masa zancen duniya: soyayya, rabuwa, talauci, neman 'yanci. Ray Charles na cikin waɗanda suka buɗe ƙofa da "I Got a Woman" a 1954. Sam Cooke, James Brown, Otis Redding, Aretha Franklin, Marvin Gaye, Curtis Mayfield, Al Green da wasu da yawa suka biyo baya. Kiɗan bai tsaya a can ba, ya ƙetaro teku. James Brown ya zo Najeriya a ƙarshen 1970. Ranar 6 ga Maris 1971, ranar bikin 'yancin kan Gana, an yi gagarumin wasan Soul to Soul a Accra, inda Wilson Pickett da Roberta Flack da Ike da Tina Turner suka hau dandali. Stevie Wonder ya zo FESTAC a Legas a 1977. Samarin biranenmu na wancan zamani, masu tulin gashi da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, da wannan kiɗa suka tashi.

Sauraro ma aiki ne

Ni a gidan kawuna na gamu da kiɗan soul, a Kaduna, farkon shekarun 1980, lokacin da aka turo ni zama wurinsa don karatun sakandare. Ma'aikacin reluwe ne, ba shi da yawan magana. Yana da rediyogiram, wani dogon akwatin katako mai ƙafafu huɗu, wanda ba mai taɓa shi sai shi. Faya-fayan kuwa abokan aikinsa masu bin jirgin Legas ne suke sayo masa.

Ran Asabar bayan la'asar yakan zauna gaban akwatin nan. Ya zaro faifai daga kwalinsa, ya riƙe shi ta gefe da tafukan hannu biyu don kada yatsa ya taɓa layukan, ya hure ƙura, ya bi shi da ƙyallen karammiski. Sannan ya ɗora kwabo a kan hannun allurar don kada ta yi tsalle, ya sauke ta a hankali. Kafin kiɗa ya fara akwai wani ɗan ƙaras-ƙaras da ake ji, kuma da an ji shi kowa a ɗakin yakan yi tsit.

Wanda ya fara kama ni shi ne "These Arms of Mine" na Otis Redding. Muryar tana rawa, tana roƙo, kamar mai waƙar zai fashe da kuka amma yana dannewa. Na ce, "Kawu, me yake cewa?" Bai ko juyo ba ya ce, "Kai dai ji tukuna. Magana tana zuwa daga baya."

Daga baya na san labarin waƙar. A 1962 Otis ya je situdiyon Stax da ke Memphis ne a matsayin direban wani makaɗin jita, Johnny Jenkins. Da aka gama aikin ranar, lokaci ya ɗan rage, sai aka ba shi dama ya rera tasa. Amma tun kafin in san wannan, kunnena ya riga ya gaya mini cewa mutumin nan yana waƙa ne kamar wanda ba shi da tabbacin za a sake ba shi dama.

Ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti waƙa ɗaya yake ɗauka a kowane gefe, kusan minti uku. In ta ƙare dole ka tashi ka juya shi. Ba ka iya shara ko wanki kana barinsa yana ta yi kamar rediyo. Wannan takura ita ta koya mini cewa sauraro aiki ne mai zaman kansa, yana son a ba shi lokacinsa. Na ga amfanin haka a wurare da ba su da alaƙa da kiɗa. Wanda ya saba jin waƙa har ƙarshenta ba tare da ya katse ba, zai iya jin ƙorafin matarsa ko bayanin ɗansa har ƙarshe. Yau waya tana ɗauke da waƙoƙin da mutum ba zai ƙare ji ba har ya mutu, amma yatsa ba ya barin ko ɗaya ta kai rabi. Yawan abu bai ƙara mana jinsa ba.

Ruwa ba ya tsami banza

Da Turancina ya ɗan yi ƙwari, sai na fara neman sanin daga ina wannan zafin murya ya fito. Kakannin mawaƙan nan bayi ne da aka kwasa daga Afirka. An soke bauta a 1865, amma jihohin kudancin Amurka suka kafa dokokin wariya: makarantar baƙi daban, wurin zamansu a mota daban, har famfon shan ruwa daban. Tsakanin 1910 da 1970 baƙaƙen fata wajen miliyan shida suka bar kudu suka nufi biranen arewa da yamma, irin su Chicago da Detroit, suna neman aikin masana'anta da sararin numfashi. Coci shi ne wurin da suke da iko da shi, nan suke ɗaga murya ba mai ce musu su yi shiru. Shi ya sa kusan duk babban mawaƙin soul a can ya koyi waƙa.

Sam Cooke ne ya fi nuna mini wannan. An haife shi a Mississippi a 1931, ya tashi a Chicago, ɗan mai wa'azi ne, kuma ya yi suna a ƙungiyar waƙoƙin addini ta Soul Stirrers. Da zai fara waƙar duniya sai da ya ɓoye sunansa, ya fito a matsayin Dale Cook, don gudun fushin mutanen coci. "You Send Me" ta 1957 ta kai shi ƙololuwa. Muryarsa sumul take, mai taushi, har mutum ya zaci bai taɓa ganin wahala ba. Amma a watan Oktoba 1963 wani otal a Shreveport, jihar Louisiana, ya hana shi ɗaki saboda launin fatarsa, da ya yi magana kuma 'yan sanda suka kama shi. Bayan wannan ne ya rubuta "A Change Is Gonna Come", wadda ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin gwagwarmayar neman 'yancin baƙi. An harbe shi a Los Angeles ranar 11 ga Disamba 1964, yana da shekara 33, a shekarar da aka sa hannu kan dokar haramta wariya.

Abin da na ɗauka a nan shi ne, taushin murya ba ya nufin rashin ciwo. Mutanen nan sun sha wuya irin wadda za ta iya mai da mutum mai zagi da tsinuwa, amma suka tace ta har ta zama abin da ko wanda ya cuce su zai tsaya ya saurara. Curtis Mayfield ya yi haka da "People Get Ready" a 1965. Marvin Gaye ya yi haka da kundin What's Going On a 1971, bayan ƙanensa ya dawo daga yaƙin Vietnam da labarai masu ɗaga hankali. Mai kamfanin Motown, inda Marvin yake waƙa, ya fara ƙin sakin waƙar da aka raɗa wa kundin sunanta don yana ganin ba za ta sayu ba, Marvin ya kafe, kuma ta sayu. Daga wurinsu na koyi cewa ana iya faɗin gaskiya mai ɗaci da ladabi, kuma ta fi shiga a haka.

Abin da Mama ta ji ta taga

Muna da maƙwabciya a kwatas ɗin reluwe, dattijuwa daga kudancin Kaduna, tana cikin zumuntar mata ta cocinsu. Wata Asabar Kawu ya sa faifan Aretha Franklin, sai ga ta ta leƙo ta taga da tsintsiya a hannu.

Ta ce, "Malam, wannan yarinya a coci ta girma."

Kawu ya ce, "Mama, ya aka yi kika sani?"

Ta ce, "Ji yadda take jefa magana ta tsaya, tana jira a amsa mata. Mai wa'azi ne ya koya mata wannan." Sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, kada ka bi ita kaɗai. Ji waɗanda ke bayanta."

Mama ba ta taɓa jin sunan Aretha ba, amma ta faɗi daidai. Mahaifin Aretha, C. L. Franklin, shahararren mai wa'azi ne a cocin New Bethel da ke Detroit, kuma nan ta fara waƙa tana yarinya. Ta yi shekaru a kamfanin Columbia ana sa ta waƙoƙin da ba su dace da ita ba. Sai a farkon 1967, da ta koma Atlantic, Jerry Wexler na kamfanin ya kai ta wani situdiyo a garin Muscle Shoals a jihar Alabama, aka zaunar da ita gaban piyano aka bar ta ta yi yadda ta saba a gida. Nan muryarta ta samu kanta.

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma "Respect" ta sa na sake duba wannan magana. Otis Redding ne ya rubuta ta, ya rera a 1965, a matsayin magidanci da ya dawo daga aiki yana neman a girmama shi a gida. Aretha ta ɗauke ta a 1967 ta juya ta, ta zama muryar mace mai neman a ba ta darajarta. 'Yan uwanta mata biyu, Erma da Carolyn, su suka yi mata amshi, kuma amshin nan ne ya ba waƙar sabon rai. Ashe mai waƙa ba lallai wanda ya tsara ta ba ne. Wani lokaci wanda ya fi buƙatar faɗinta shi ne mai ita.

Maganar Mama ta buɗe mini kunne a kan abin da na riga na sani tun ina goye. Haka Mamman Shata yake jefa baiti 'yan amshi su karɓe, kalangu na cike tsakani. Haka Ɗanƙwairo da mutanensa suke yi. Haka 'yan mata suke yi a dandali, haka masu daka suke yi. Na gane cewa abin da ya ja ni ga soul tun farko ba baƙo ba ne a wurina. Mai waƙa yana barin gurbi da gangan, kuma waƙar ba ta cika sai wani ya shiga gurbin nan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ni Musulmi ne, Mama Kirista ce, kuma a garin da muke zaune an sha ganin yadda wannan bambanci yake zama abin zubar da jini. Amma ran nan ita ce malama, mu ɗalibai. Ta san wani abu a kan faifan Kawu wanda shi mai faifan bai sani ba, kuma da bai buɗe taga ba da ba mu samu ba. Wanda ya rufe ƙofa yana jin daɗin abinsa shi kaɗai, ilminsa a kan abin ma ba ya ƙaruwa.

Waɗanda ba a rubuta sunansu ba

Wata rana Kawu ya sa "My Girl" ta Temptations, ya murɗa maɓallin da ke rage kaifin sauti har muryoyin suka dushe. Ya ce, "Manta da masu waƙar. Bi wannan mai gurnani a ƙasa." Jitar bes yake nufi. Ita ce take buɗe waƙar, kuma da na bi ta sai na ji ashe duk sauran kayan kiɗan a kanta suke tsaye. Na duba takardar tsakiyar faifan ina neman sunan mai kaɗa ta. Babu.

Sunansa James Jamerson. Yana cikin gungun makaɗan da ake kira Funk Brothers, waɗanda suka buga yawancin waƙoƙin Motown na shekarun 1960 a wani ɗan ƙaramin ɗaki a Detroit. Da yatsa ɗaya na hannun dama yake kaɗa jitar. Miliyoyin mutane sun yi rawa da aikin hannunsa ba su san yana duniya ba, domin kamfanin ba ya rubuta sunayen makaɗa. Sai a kan What's Going On ne aka fara sa su. Da Motown ya koma Los Angeles a 1972 tauraronsu ya dushe, Jamerson ya rasu a 1983, kuma sai a 2002 aka yi fim a kan tarihinsu.

Berry Gordy ya kafa Motown a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa. Ya taɓa aiki a masana'antar haɗa motoci, kuma tsarin can ya kawo: masu rubuta waƙa daban, makaɗa daban, masu koya wa mawaƙa rawa da tafiya da gaisuwa daban, sannan duk Juma'a a zauna a tace waƙoƙin da suka cancanci fita. Stax a Memphis kuwa tafiyarsa dabam. Jim Stewart da yayarsa Estelle Axton ne suka kafa shi a wani tsohon gidan silima mai gangaren daɓe. A can ba a cika rubuta kiɗa a takarda ba, makaɗa ne suke haɗuwa su yi ta gwadawa har abu ya zauna. Ƙungiyar gidan, Booker T. & the M.G.'s, ta haɗa baƙi da farare: Booker T. Jones da Al Jackson baƙi, Steve Cropper da Duck Dunn farare, suna aiki a ɗaki ɗaya a birnin da wariya ta yi katutu. Kiɗan Motown a goge yake, na Stax da gumi a jikinsa. Dukansu sun yi kyau, domin a kowanne akwai mutanen da suka iya aikinsu kuma suka yarda wani ya sha yabo.

Tun daga nan na ɗauki wata ɗabi'a. Duk inda na ga aiki ya yi kyau, nakan tambayi wanda ke bayansa. A ofis nakan nemi sanin wanda ya buga takardar, ba wanda ya sa hannu kaɗai ba. A biki nakan leƙa wurin masu girki in yi musu sannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya san haka, amma idan jinka ta hau, wanda ke sama kaɗai ake gani. Mu ma nan, mutum nawa ne cikin masu son Shata za su iya kawo sunan makaɗan kalangunsa?

Karanta takarda kafin ka sa hannu

Tarihin soul cike yake da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1965 Jim Stewart ya sa hannu a yarjejeniyar rarraba faya-fayai da kamfanin Atlantic ba tare da ya lura da wani sharaɗi da ke ciki ba. Da aka zo rabuwa a 1968 sai ya tarar asalin naɗin waƙoƙin da Stax ya yi duk sun zama mallakar Atlantic. Wannan ya zo ne a kan wani rashin. Ranar 10 ga Disamba 1967 jirgin saman da ke ɗauke da Otis Redding ya faɗa wani tafki a jihar Wisconsin, ya rasu yana da shekara 26, 'yan kwanaki bayan ya yi aikin "Dock of the Bay", wadda ta hau matsayi na ɗaya bayan mutuwarsa. A Afrilun 1968 kuma aka kashe Martin Luther King a otal ɗin Lorraine da ke Memphis, inda mawaƙan Stax suka saba zama. Kamfanin ya sake miƙewa, ya yi wasu shekaru na tashe, sannan ya durƙushe a 1975.

Akwai waɗanda suka farga da wuri. Ray Charles, da zai koma kamfanin ABC a 1959, ya sa sharaɗin cewa naɗin waƙoƙinsa nasa ne. Sam Cooke ya kafa kamfanin faifansa, SAR, da kamfanin kula da haƙƙin waƙoƙinsa, a lokacin da ba a saba ganin baƙin mawaƙi ya yi haka ba. Nakan ba matasanmu masu shiga situdiyo a Kano da Kaduna da Jos wannan labari. Baiwa daga Allah take, amma takarda mutum ne yake rubuta ta, kuma wanda ya rubuta ya san abin da ya sa a ciki. Ka kai wa wanda ya san doka ya duba maka, ko da kana jin kunyar wanda ya miƙo maka.

Yadda ake miƙa wa wani

Da Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, faya-fayan suka dawo hannuna. Na tarar jin su ni kaɗai daɗinsa rabi ne. Wurin da ganga ta shigo da kyau, ko murya ta karye daidai inda ya kamata, sai in juya in ga ba wanda zan duba mu yi murmushi tare. Sai na fara naɗa wa abokai a kaset, ina rubuta sunayen waƙoƙi da na makaɗa a jikin kwalin. Da zamani ya juya, na koma tura musu ta waya. A hankali muka samu ɗan zama na yammacin Asabar, da shayi da gyaɗa, kowa ya zo da abin da yake so a ji.

A wannan zama na koyi ƙa'idojin rabawa. Ta farko, a fara da kaɗan, yadda ake tarbar baƙo da ruwa kafin a kawo tuwo. Wanda ka tura wa waƙa hamsin ba zai ji ko ɗaya ba. Ka zaɓar masa guda, wadda ta dace da halin da yake ciki. Wanda aka yi wa rasuwa ko kasuwa ta juya masa baya, "Lean on Me" ta Bill Withers za ta yi masa magana, balle in ka gaya masa mai ita ma'aikacin masana'anta ne da bai fitar da kundinsa na farko ba sai da ya haura shekara talatin. Ango kuwa Al Green ne nasa. Ta biyu, ka yi shiru yayin da waƙa take tafiya. Tarihi da sunaye su jira sai an tambaya. Estelle Axton ta Stax tana da kantin faifai a ƙofar situdiyon, takan sa wa samarin unguwa sabuwar waƙa ta zuba musu ido, kuma daga motsin ƙafarsu take gane wadda za ta karɓu. Fuskar mai sauraro ta fi bakinsa faɗin gaskiya.

Ta uku ita ce mafi nauyi ga masu shekaru irina: in kana so a ji naka, sai ka ji na wani. Ɗan ƙanwata, wanda ba ya rabuwa da abin jin sauti a kunne, ya taɓa ce mini, "Kawu, ni ma in sa maka nawa?" Na ce ya sa. Waƙar Jay-Z da Kanye West ce ta 2011, mai suna "Otis". Tun daga farkonta na ji muryar da na sani. Na tashi na ɗauko faifan "Try a Little Tenderness" na ɗora masa. Yaron ya zauna yana ji, waƙar ta faro a hankali, tana hawa tana hawa, har ta kai inda Otis yake kece murya, wurin da aka yanko aka gina tasu a kai. Ya zaro ido ya ce, "Kawu, ashe daga nan suka ɗauko!" Da na ce masa waƙoƙin zamaninsu hayaniya ce, da zancen ya mutu a nan. Yanzu shi yake binciko mini tsofaffin hotunan wasannin Stax a intanet, waɗanda marigayi kawuna bai taɓa gani ba duk tsawon rayuwarsa, kuma shi ya fara kawo abokansa zaman.

Ba kowa ne zai so abin da kake so ba, wannan ma sai an haƙura da shi. Akwai aminina da na sa wa Aretha ya ce shi dai a bar shi da Ɗan Maraya da kuntiginsa. Na ce ya kawo, muka ji tare, kuma a muryar Ɗan Maraya yana ba da labarin talaka na ji irin gaskiyar da nake nema a wurin Bill Withers. Rabawa ba gasa ba ce. Manufarta a zauna tare, kowa ya tashi da abin da bai zo da shi ba.

Saboda haka ga shawarata ga duk wanda ke da dattijo a gida mai akwatin faifai ko buhun kaset a ƙarƙashin gado, na soul ne ko na Shata ko na Barmani Choge. Kada ku jira ranar rabon gado, domin ran nan kaya za ku samu, labarin ya riga ya tafi. Ku je yanzu yana da ƙarfinsa, ku ce ya sa muku wadda ya fi so. Ku tambaye shi ina ya saya, wa ya fara jiyar da shi, su wa suka kaɗa, su wa suka yi amshi. Ku rubuta sunayen, ku naɗi waƙoƙin a waya kafin zaren kaset ya tsinke. In kun gama kuma, ku nemi wani ƙaraminku ku zaunar da shi ya ji.